Abin da Ke Shanye Batirin Farida

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na masu faɗa. Kwana uku unguwarmu ba wuta, sai yau wayar ta ga caji. Ku yi haƙuri, ga ci gaban.

*

Karo na huɗu ke nan Farida na tura mashin ɗinta zuwa rumfar Maccido makanike.

Ranar Lahadi ce, kasuwar Illela ta cika har ta malalo kan titi. Sai da ta ratsa tsakanin motocin shanu da 'yan canji masu kaɗa sefa a hannu, tana turawa, gumi na bin bayanta ta cikin hijabi. 'Yar sukuta ce marar giya, irin wadda ba ta tashi da turi. Kik ɗinta ya karye tun bara, an nemi kayansa har Konni ba a samu ba. In batir ya kwanta, tafiya ta ƙare.

Maccido na tsugune gaban wani babur da aka fede. Ya ɗago, ya gan ta, ya ajiye sifana a hankali.

"Malama Farida. Kar ki ce min shi na."

"Shi na."

"Batirin da munka sa ran Laraba?"

"Shi. Jiya da marece lahiya lau nid dawo. Yau da sahe nid danna, ƙyat, ƙyat. Ko hon bai yi."

Ta jingine mashin ɗin, ta zauna kan benci ba tare da an ce ta zauna ba. Ƙafafunta sun yi futu-futu.

Attahiru mai faci, wanda rumfarsa ke manne da ta Maccido, ya leƙo yana dariya.

"Likita, ni dai na hwaɗi tun farko. Wanga mashin hannu anka sa mishi. Ki kai shi a yi mishi tofi, ki bar wahal da Maccido, iliminshi ya ƙare."

"Ilimin uwaka," in ji Maccido. "Koma ka nemi hujin da kab bari ga tayar mutane."

Farida ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hajiya Lubabatu ta kira ni."

"Shugabarku ta asibiti?"

"Ita. Ta ce gobe Litinin, ranar rigakahi. In ƙarhe takwas ta buga akwatin allura bai iso ba, za ta aika da sunana sakatariya, a ba wata wurin."

"Haba dai. Don makara?"

"Ba ta yi laihi ba, Malam Maccido. Sau huɗu mata na tahowa da goyo tun daga rugage, su zamna har rana ta take, su koma ba a yi ma ɗiyansu allura ba. Wasu ba su ƙara dawowa. Ni ma da ni ce ita, abin da za ni yi ke nan."

"Ki hau kabu-kabu mana."

"Wane ɗan kabu-kabu ka bin hanyar bayan Gidan Katta da sassahe yanzu? Sai rana ta ɗaga, sun ga wasu sun tahi sun dawo."

Attahiru ya janye kansa ya koma bakin bahonsa na ruwa.

Maccido ya goge hannu, ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin ƙafa, ya ciro kan batirin. Ya jona wani nasa da wayoyi biyu, ya danna. Mashin ya tashi nan take. Ya ɗora mita, ya murɗa wuta, ya daɗe yana kallo.

"Caji na shiga. Sha huɗu cif. Koyil lahiya, abin caji lahiya."

"Haka kac ce ran Laraba."

"Haka nic ce, don haka na."

Ya kashe, ya zare makulli ya miƙa mata. Ya kwance waya ɗaya daga batirin, ya sa ƙaramin ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batir.

"Dubi nan. Da akwai inda wuta ka zurarewa mashin na kashe, da ƙwanga ya kama. Kin ga ya kama?"

"Bai kama ba."

"To. Ba shi yoyo. Batir sabo, caji na shiga, ba yoyo." Ya zauna daɓas a ƙasa. "Shekarata ashirin da biyu ga aikinga. Wallahi na gaji da mashin ɗinki."

"Ni ma na gaji da shi."

"Kina sa waya caji jikinai?"

"A'a."

"Kina barin makulli?"

"Cikin jakata shika kwana."

"Wa ka hawanai ban da ke?"

"Wa gare ni? Daga ni sai Baffa. Shi ko keke bai taɓa hawa ba."

Maccido ya mayar da wayar ya ɗaure. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi, sai ya kama hannun mashin ɗin ya ja jikinsa sama. Yatsunsa suka matse birki.

"Kai!" in ji Attahiru daga can. "Gawa ta buɗe ido!"

"Mi?"

"Hitilar baya. Ta kama ja."

Maccido ya dubi hannun Farida. Makulli na tafin hannunta.

Ya saki birki, fitilar ta mutu. Ya matse, ta kama. Ya saki. Ya matse.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Aikina na. Kin tuna bara da makunnin makulli yaƙ ƙone, ranar da kika sauri? Na jona hitilar birki kai tsaye ga batir, nic ce in kin dawo mu gyara. Ba ki dawo ba, ni kuma na mance."

"To ai shekara guda ke nan. Wata biyu kawai da hwara mutuwa."

"Shi na abin da nika tunani."

Ya zagaya baya, ya shafa jar robar fitilar da babban yatsa. Ya kira ta da hannu.

"Taɓa nan."

Ta taɓa. Robar ta lotsa a tsakiya, ta yi ƙuraje kamar ledar da ta kusanci murhu.

"Taka birki ga hanya bai narka roba. Wagga hitila kwana taka yi kunne."

Ya koma gaba, ya sunkuya kan hannun birki, ya kusa manna hancinsa. A jikin robar hannun akwai wani layi da ya ci ciki, zagaye guda. Ya sa farce ya tsinto wani abu, ya ɗora mata a tafin hannu kusa da makullin.

Zaren igiya ne. Igiyar rama, tsohuwa, ta yi baƙi don shan hannu.

"Malama Farida, wani na ɗaure birkin mashin ɗinki kullum. Ya matse shi da igiya, ya kwance kahin ki hito."

Ta daɗe tana kallon zaren.

Ta san igiyar. A rataye take a ƙusa cikin zaurensu. Guntun dangwali ce, igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure in rana ta faɗi. Ita kaɗai mahaifinta, Baffa Jaɓɓo, ya taho da ita daga ruga shekara biyu da suka wuce, bayan ɓarayin daji sun kore shanunsa kaf. Yayanta Abdu ya bi sawunsu. Kwana biyu bayan nan aka dawo da shi a kan amalanke.

"Baffa na," ta ce.

Attahiru ya buɗe baki zai yi magana, Maccido ya harare shi, ya rufe.

"Dabaibayi shika yi mishi," in ji Farida, ta yi wata 'yar dariya marar ƙarfi. "Awa jaki. Kar a tura shi a hita da shi muna kwana. Kullum shi ka ruhe shi da tabarma in na aje, nic ce ƙura shika kare mishi."

"Allah sarki tsoho," in ji Maccido. "Bai sani ba. Ina shi ina sanin hitilar birki? Kar ki yi mishi hwaɗa. Bari in maida wayar ta bi ta makulli, ya ɗaure har da sarƙa in ya so."

Ya yi aikin cikin minti goma. Ya sa batirin a caji har la'asar, ita kuma tana zaune kan benci, ta jingina kai da ginshiƙin rumfa, idonta a rufe. Ba barci take ba.

*

Ba ta gaya wa Baffa komai ba.

Ta shigo da mashin zaure, ta gaishe shi, ta wuce ciki. Yana zaune kan buzunsa inda ta bar shi da safe. Ran Lahadi ba ya fita, don kukan shanu daga kara, kasuwar dabbobi, har ƙofar gidansu yake kaiwa.

Ta ɗora tukunya. Da rana ta yi ja, sai ta dawo ta tsaya bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida. So take ta gan shi yana ɗaurewa, ta ji tausayinsa, ta bar maganar a cikinta har abada.

Baffa ya miƙe da ƙyar. Ya sauke igiyar daga ƙusa. Ya matse birki da hannun hagu, ya zagaya igiyar sau uku, ya yi ƙullin nan nasa na maruƙa wanda ja ɗaya ke kwance shi. Ya ɗauko tabarma ya lulluɓe mashin ɗin.

Farida ta juya za ta koma kan tukunyarta.

Sai ta ga ya zagaya baya.

Ya durƙusa. Ya ɗaga gefen tabarmar, ya leƙa.

Ya daɗe a haka. Ya tashi, ya koma gaba, ya kwance igiyar, ya sake matsewa da ƙarfi, ya ƙulle. Ya dawo baya, ya ɗaga tabarma, ya leƙa. Ya ƙwanƙwasa jar robar da yatsa.

"Ba za ta kama ba, Baffa."

Da Fillanci ta yi maganar, kamar kullum in suna gida.

Bai firgita ba. Ya saki tabarmar, ya zauna a ƙasa nan inda yake, bayansa na gare ta.

"An gyara," ta ce.

"Na gani."

"Ashe ka sani."

Ta ɗage labulen.

"Baffa, ka san fitilar nan ce ke kashe shi?"

"Na sani."

Ta shigo zauren. Ta zauna jikin bango.

"Tun yaushe?"

"Da na fara ban sani ba. Hannu ne. Shekara hamsin in rana ta faɗi sai na ɗaure wani abu. Nan babu abin ɗaurewa sai wannan." Ya shafa gwiwarsa. "Washegari ya ƙi tashi. Kika yini gida kina faɗa da waya. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Na ɗaure a karo na biyu, sai na ga ja a ƙarƙashin tabarma. Da safe ya ƙi tashi. Ban yi boko ba, Farida, amma na san in saniya ta kwana ana tatsarta, da safe ba ta da nono."

"Don haka kake zaɓar ranakun."

"Ranakun da za ki can. In aikin cikin gari ne ba na taɓa shi. Jiya ma na ɗaure ne don na ji kina waya, na ɗauka yau ce."

Ta rufe fuska da tafukanta. Da ta buɗe, idonta a bushe yake.

"Batir uku, Baffa. Na tura mashin ɗin nan cikin rana har mutane sun san ni da shi. Na tsaya gaban matan rugage ina ba da haƙuri kamar wadda ta yi sata. Na zargi Maccido a raina, na ce jabu yake sa min. Kana zaune nan, ina dawowa kana ce min sannu."

"Da gaske nake sannun."

"Ka san gobe in na makara an kore ni?"

"Na ji."

"Kuma ka ɗaure."

"Na ɗaure."

"To me za mu ci? Maganinka na hawan jini, daga ina? Shekara nawa na yi ina karatun nan, kai da kanka ka sayar da bijimi ka kai ni makarantar."

"Na kai ki ki yi aiki a asibiti mai bango. Ban kai ki ki bi daji ke kaɗai da akwati a baya ba."

"Yaran can ba na wasu ba ne. Jikokin 'yan'uwanka ne. Bara ƙyanda ta ɗauki biyu a rugar Marwa, kai ka je gaisuwa. In ban je ba wa zai je? Wadda za a ba wurin ba ta jin Fillanci, matan ba za su miƙa mata 'ya'yansu ba."

"Allah zai tsare su."

"Ni ma Allah zai tsare ni."

"Haka ya ce."



Baffa ya juyo ya fuskance ta. Daga masallacin unguwa an fara gyara lasifika, ana hura ta.

"Haka yayanki ya ce min, a bakin garke, yana ɗaura takalmi. Na ce kar ka bi su. Ya ce Allah zai tsare. Ban riƙe shi ba. Namiji ne, ɗan fari ne, ko idonsa ba na kallo, ina zan kama hannunsa? Na juya baya na yi kamar ina gyara igiya."

"Baffa..."

"Bar ni in gama. Kin san marken nan da ke bayan gada, inda hanya ta yi kwana?"

"Na sani."

"Kullum ta gabansa kike wucewa. Mun ce miki a daji aka same shi, don kar ki riƙa gani. Ba daji ba ne. A gindin marken nan ne. Taku goma daga inda tayarki ke bi."

Sau nawa ta tsaya a inuwar marken nan ta gyara ɗaurin akwati? Sau nawa ta sha ruwa a wurin?

"Shekara talatin da huɗu," in ji Baffa, "ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, haka muka gada. Wancan, nake cewa. Yaron nan. Da aka sauke shi daga amalanke na so in kira shi ko sau ɗaya, ko zai ji. Bakina bai iya ba. Bai saba ba."

Ya buɗe baki. Leɓensa na motsi, sauti bai fito ba. Ya sake gwadawa.

"Abdu."

Tunda aka haife ta ba ta taɓa jin sunan daga bakinsa ba. Ya fito a karkace, kamar kalmar wani yare.

"Abdu," ya sake cewa. Ya share fuska da hannun riga. "Ke ina kiran sunanki kullum. Ina so in ci gaba da kira kina amsawa. Shi ke nan abin da nake so. Ban iya faɗa ba, sai na ɗaure."

Aka kira sallah.

Fushin da ta shigo da shi ya tsiyaye, bai bar komai a wurinsa ba sai gajiya.

"Tuwo zai ƙone," ta ce.

Ta tashi. A bakin labule ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Gobe zan tafi, Baffa. Zan kira ka in na wuce gada, in kira ka in na isa. Amma zan tafi."

Ta ji shi yana jawo buta.

*

Da gari ya waye ta fito da shirinta, hijabi da farar riga a ciki, jaka a kafaɗa. Sai ta biya ta ɗakin sanyi na asibiti ta karɓi akwatin allura kafin ta kama hanya. In ta fita yanzu, za ta isa da sauran lokaci.

Tabarmar na naɗe a jingine da bango. Ta hau, ta sa makulli, ta yi bisimilla, ta danna.

Danni ɗaya ya tashi.

Ta saki ajiyar zuciyar da ta kwana a ƙirjinta. Ta sauke shi daga ƙarfen tsayuwarsa, ta juya kansa wajen ƙofa.

Baffa na zaune a bakin ƙofar. Ya shimfiɗa buzunsa daidai kan dokin ƙofa, ya miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a.

"Ina kwana, Baffa."

"Lafiya lau."

"A ba ni hanya."

Ya ja carbi ɗaya, biyu, uku.

"Zan ba ki. Ban riƙe wancan ba, ke ma ba zan riƙe ki da hannu ba. Na tsufa da kokawa."

Ya dafa bango ya miƙe. Ya naɗe buzun a hankali, ya sa a hammata. Ya zare sakata, ya buɗe ƙyauren gaba ɗaya, har hasken safiya ya faɗo kan tayar gaba. Ya koma gefe ya tsaya.

"Ga hanya nan."

"Na gode, Baffa. Ka yi min addu'a."

Ta ɗora hannu kan totur.

"Farida."

"Na'am."

Da Hausa ya yi maganar, da ƙarfi, yadda maƙwabcin da ke shara a ƙofar gidansa sai da ya tsaya ya ɗago.

"In tayar nan ta ƙetare ƙofar nan yau, ban yafe miki ba. Duniya da lahira."